Ciwon da ya wuce wata uku: kada ka bar ɗakin likita sai da tsari a hannunka

Jama'a, hawan jini yana da na'urar da ake ɗaura wa mutum a dantse ta nuna lamba. Sukari ɗigon jini ɗaya ya isa a gane shi. Raɗaɗin ciwo kuwa har yau babu na'urar da ke auna shi a asibiti. Likita ba shi da abin dogaro sai abin da ya fito daga bakin mara lafiya da abin da ya gano wajen duba jiki. Shi ya sa abin yake ci mini rai idan mutum ya shafe watanni yana fama, ya samu ganin likita da ƙyar, amma duk abin da ya iya faɗa shi ne "jikina ne duk yake ciwo", a rubuta masa ƙwayar kwana biyar ya tafi, bayan mako biyu ya dawo inda yake.

Ciwon da ya ɗauki fiye da wata uku, ko yake tafiya yana dawowa tsawon wannan lokaci, masana suna ɗaukarsa matsala ce mai zaman kanta. A sabon kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, an ware masa rukuni nasa. Saboda haka wanda ya je asibiti don ciwon baya na shekara biyu bai je ɓata wa kowa lokaci ba. Haƙƙinsa ne a duba shi da gaske. Sai dai haƙƙin nan yana buƙatar shiri.

Lokacin ganin likita gajere ne. Wani sanannen bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya nuna cewa likitoci kan katse mara lafiya bayan kamar daƙiƙa 18 da fara maganarsa. Ba lallai mugunta ba ce, layi ne a waje. Amma ma'anarsa ita ce jimlarka ta farko ita ce mafi tsada, don haka ka shirya ta tun daga gida. Kwatanta "likita, bayana ne ya dame ni" da wannan: "Likita, wata takwas ke nan ina ciwon ƙasan baya, yana sauka ta bayan cinyar hagu har tafin ƙafa kamar wutar lantarki, ba na iya tsayuwar da ta wuce minti goma, kuma yana tashe ni daga barci sau biyu kowane dare." A numfashi ɗaya ka ba shi tsawon lokaci, wurin, hanyar da ciwon ke bi, irinsa, da abin da ya hana ka. Da wannan kaɗai likita ya fara tunanin jijiyar da ta matsu, kuma dubawar da zai yi maka ta canza.

Irin ciwon shi ne abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake zaɓar magani. Ciwon gaɓa ko tsoka yakan zo da nauyi, da tsami, da sanƙarewa, ya ƙaru da motsi. Ciwon da ya samo asali daga jijiya daban ne: ƙuna kamar an zuba barkono, suka kamar allura, fizga kamar lantarki, mutuwar wuri, ko riga ta taɓa fata kawai mutum ya ji zafi. Masu ciwon sukari da yawa sun san wannan ƙunar a tafin ƙafa da dare. Irin wannan ciwon ba ya jin parasitamol ko ibuprofen sosai, komai yawan da aka sha. Magungunansa wasu ne: amitiriptilin, duloksetin, gabapentin, piregabalin. Ciwon da ke fizgar gefen fuska ɗaya kamar walƙiya, wanda tauna ko wanke baki ke tayarwa, shi kuma karbamazefin aka fi fara ba shi. Idan ba ka faɗi "ƙuna" ko "lantarki" ba, wataƙila ka shekara kana shan maganin da ba na ciwonka ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a gyara.

Za a tambaye ka lambar tsananin ciwon daga 0 zuwa 10. Kada ka ce 10 don a ɗauke ka da muhimmanci, kada kuma ka ce 3 don kunya ko nuna jarumta. Ba da lamba uku: mafi sauƙinsa a makon nan, mafi tsananinsa, da inda ya fi zama. Abin da ya fi lambar amfani shi ne aikin da ciwon ya ƙwace maka. Minti nawa kake iya tafiya? Kana iya sunkuyawa ka ɗauki abu a ƙasa? Awa nawa kake barci? Kwana nawa ka rasa wurin aiki a watan nan? Mako biyu kafin ranar asibiti ka riƙa rubuta layi ɗaya kowace rana: lambar safe, lambar dare, abin da ka yi, maganin da ka sha da ƙarfe nawa. Shafi ɗaya ya isa. Littafi guda ba wanda zai samu lokacin karantawa.

Sannan ka tattara duk abin da kake sha ka tafi da shi a cikin kwalinsa, har da na gargajiya da wanda wani ya ba ka. Akwai dalilai masu nauyi. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da parasitamol a ciki, kuma iyakar babban mutum mai lafiyar hanta gram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko yake da matsalar hanta, iyakarsa ta yi ƙasa da haka. Ibuprofen da diklofenak 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara haɗarin gyambon ciki, zubar jini, lalacewar ƙoda da hauhawar jini. Wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa don ciwon gaɓoɓi ba tare da suna ba suna ɗauke da deksametazon, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, ko makamancinsa. Mutum zai ji daɗi a farko, daga baya fuska ta kumbura, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, kuma dainawa kwatsam bayan dogon lokaci haɗari ne. Masu ciwon kai su lura da wannan musamman: shan maganin ciwo na yau da kullum kwana 15 ko fiye a wata, ko masu kodin da tiramadol kwana 10 ko fiye, tsawon sama da wata uku, shi kansa yana mayar da ciwon kai na kullum. Likitan da bai san adadin da kake sha ba ba zai taɓa gano wannan ba.

"Na sha, bai yi min aiki ba" magana ce da ba ta taimaka wa kowa. Nawa ka sha, tsawon wane lokaci, me ya sa ka daina? Amitiriptilin ana fara shi da kamar miligiram 10 da dare, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Bushewar baki da nauyin jiki da safe su ne suke fara zuwa, sauƙin ya biyo baya. Wanda ya sha kwana huɗu ya ajiye bai gwada shi ba. Gabapentin ma sau da yawa sai an kai miligiram 900 zuwa sama a rana, a raba sau uku, kafin ya nuna kansa, kuma ana rage shi ga mai matsalar ƙoda. Wannan hawa-hawan aikin likita ne, ba naka ba. Naka shi ne ka faɗi gaskiyar yadda ka sha, don kada a soke maganin da zai iya taimaka maka saboda gwajin da bai cika ba.

Maganar hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, irin su MRI, kuma tana ruɗar mutane ta fuska biyu. Wani a ce masa hoto bai nuna komai ba, ya fita yana jin an ƙaryata shi. Wani kuma a ce an ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa ya turo, ya tsorata ya daina motsi. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai ya samu irin wannan turowar a kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20, da kashi 84 na 'yan shekara 80. Ke nan abin da hoto ya nuna ba lallai shi ne ke ciwo ba, kuma hoto mai tsabta ba ya nufin lafiya lau. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa da ke ɗaukar saƙonsa suna iya ƙara saurin amsawa, har ƙaramin abu ya riƙa haifar da babban raɗaɗi. Wannan canji ne na gaske a jiki, ba ya fitowa a hoton MRI. Tambayar da ta dace ita ce: "Likita, wannan hoton zai canza maganin da za a yi min?" Idan an ce ba a ga komai ba, ka ce: "Na gode Allah da babu abu mai haɗari. To mene ne kuke ganin yake kawo ciwon, kuma da me za mu fara?"

A nan ne nake ganin duk maganar ta tsaya. Kada ka je neman wata ƙwaya da sunanta, ka je neman tsari. Kafin ka tashi daga kujera ka san abin da likita yake zato, maganin da za a gwada, makonni nawa za a ba shi, illolin da za ka yi haƙuri da su da waɗanda za su sa ka dawo nan take, ranar da za a sake duba ka, da abin da zai biyo baya idan wannan bai yi ba. Ku yarda kan manufa guda da za a iya aunawa, misali tafiyar minti ashirin ko barcin awa shida ba farkawa. Ka kuma san cewa a ciwo mai daɗewa, raguwar kashi 30 cikin ɗari ana ƙirga ta nasara ce ta gaske. Wanda yake jiran sifiri zai yi ta watsar da magungunan da suke masa aiki. A canza abu ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya taimaka ba, wanne ya kawo jiri.

Magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol, kodin da mofin suna buƙatar magana a fili. A ciwon daji, da tashin ciwon sikila, da bayan tiyata, suna da muhimmin matsayi, kuma hana su ga mai buƙata saboda zargi zalunci ne. Mai sikila da ya san sunan maganinsa da adadinsa ba ɗan ƙwaya ba ne, shekaru ne suka koya masa. Irin wannan mara lafiya ya nemi likitansa ya rubuta masa takardar tsarin maganinsa da sa hannu, ya riƙa yawo da ita don ranar gaggawa. A ɗaya ɓangaren, ga ciwon baya ko gaɓoɓi na shekaru, amfanin waɗannan magunguna kan ragu yayin da jiki ya saba, illolinsu kuma su tsaya: taurin bayan gida, magagi, dogaro da su. Tiramadol yana iya kawo jijjiga, kuma haɗa shi da amitiriptilin ko duloksetin yana buƙatar sanin likita. Haɗa waɗannan magunguna da diyazefam, piregabalin ko barasa yana iya danne numfashi har a rasa rai. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, kada kuma ya yarda a yanke masa haka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a ƙa'idojinta na 2022, ta yi gargaɗi a kan dakatarwa kwatsam. Ka nemi a rubuta maka jadawalin ragewa a hankali.

Idan likita ya ambaci gashin ƙashi da motsa jiki, ko ya tambaye ka barci da damuwa, kada ka ɗauka yana cewa ciwon a kanka yake. Rashin barci yana ƙara raɗaɗi washegari, damuwa ma haka. Kuskuren da ake yawan yi a motsa jiki shi ne ranar da aka ji sauƙi a yi aikin mako guda, a kwanta kwana uku. Hanyar da ta fi ita ce ka gano abin da kake iya yi ko a mummunar rana, ka fara da ƙasa da shi kaɗan, ka yi kullum, ka ƙara kamar kashi goma cikin ɗari duk mako.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti da su: mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da mazaunai, kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi da bayan gida, ƙafa tana ƙara rauni, rama ba dalili, zazzaɓi tare da ciwon baya, baƙin bayan gida ga mai shan ibuprofen ko diklofenak, da ciwon kai mai tsanani da ya faɗo cikin daƙiƙoƙi. Waɗannan na sashen gaggawa ne a ranar.

Wani lokaci za ka yi duk wannan amma ba a saurare ka ba. Mata sun fi haɗuwa da haka, musamman masu ciwon mara mai tsanani da ake ta ce musu al'ada ce kawai, alhali akwai cutar da naman da ya yi kama da na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, wadda kan ɗauki shekaru kafin a gano ta. 'Yar'uwa, ciwon da ke hana ki makaranta ko aiki duk wata ya cancanci bincike. Faɗa da ɗaga murya ba sa kawo komai sai rufe ƙofa. Cikin ladabi ka ce: "Likita, na bi abin da aka ce tsawon wata uku, har yanzu ba na iya aikina. Ina roƙon a tura ni wurin ƙwararre, in kuma ba za a tura ni ba, a rubuta dalili a fayil ɗina." Ka tafi da wani na kusa da kai wanda ya ga yadda kake kwana, ya zauna ya rubuta abin da aka ce, ya tuna maka abin da ka manta. Ka karɓi kwafin sakamakon gwaje-gwajenka ka adana, domin idan ka je wurin likita na biyu, wanda kana da damar zuwa, a ɗora daga inda aka tsaya maimakon a sake komawa parasitamol.