Tsadar Fetur Ta Kwashe Miya, Ta Bar Mana Tumbi

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ana ta kukan kuɗin mota, amma ɓarnar da aka yi wa tukunya ta fi ciwo.

Manomin rani a Kadawa ta jihar Kano da fetur yake tayar da injin ban ruwa. Da mai ake ɗauko tumatir da attaruhu zuwa kasuwar 'Yankaba, kuma kayan gwari ba sa jira: mota ta kwana a hanya, rabin kwando ya ruɓe, mai saye ne zai biya asarar. Kifi sai sanyi, sanyi sai janareto. Ko markaɗe ma an ƙara masa kuɗi. To wa zai yi mamaki idan nama, kifi, ƙwai da ganye suka fara ɓacewa daga miya?

Abin da ya rage shi ne sitaci da mai da suga. Wake yakan ci awa guda ko fiye a kan wuta, gas da gawayi kuwa ba a magana. Taliyar leda minti biyar ta dahu. Sai uwar gida ta zuba manja da ɗanɗano don abincin ya ciwu, ba laifinta ba ne. Amma cokalin cin abinci guda na mai yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 120, kuma abincin da babu wake ko ganye ba ya riƙe ciki, bayan awa biyu yunwa ta dawo. A kora da lemon roba mai rabin lita: suga ya kai giram 50, wato an cinye iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi a yini guda.

Haka mutum zai yi teɓa alhali jininsa bai isa ba, dangi suna ta "ma sha Allah, an samu hutu". Wane hutu? Ɗauki awon tela ka zagaya cibiya: ya wuce santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, ciwon suga da hawan jini sun fara leƙowa. Maganinsu kuma kullum ake sha, ga kuɗin adaidaita zuwa asibiti da shi ma ya ninka.