Blanka ya ci kuran ɗin Yamai

Ku da kuka san ni kun san ciwona, tsoffin wasannin tele. Game Boy biyu gare ni, da Mega Drive guda, da kaset ɗin nan na ƙarya mai cewa 9999 alhali wasa biyar ne ke ta maimaita kansu. To ran asabar na shiga kasuwar Katako neman wani abu daban, sai ga Super Famicom, na'urar wasan tele ta Nintendo, cikin tarkace, ƴar Japan ta ainihi wadda ta fito 1990, har da kaset ɗin Street Fighter II a ciki. Mai kayan ya ce jika goma sha biyar, muka tsaya jika tara, na hau kabu-kabu rungume da ita kamar jinjiri.

Laifina ne da na sa hoto a WhatsApp ɗin fada. Bayan isha'i tsakar gida ya cika, an ɗora shayi, an fiddo tele waje, ni kuma na miƙe ina ba da darasi. Na ce wannan ba irin na wayarku ba ne, na zare kaset na hura mishi iska sau uku kamar yadda muke yi muna yara, na ce yau Blanka zan ɗauka, dodon nan na Street Fighter mai sakin kuran daga jikinshi, duk wanda ya matso sai na sakar mishi wuta. Haka na faɗa fa, wuta, da bakina. Na ɗauki wayar na cusa a priz.

Tas! Sai hayaƙi siriri da warin roba. Wallahi shiru aka yi har ana jin tafasar buta, ni kuma ina tsugune da manet, abin danna wasan, a hannu ina danna start, ina danna start, kamar abin zai ji kunyata ya tashi. Sai ɗan yayata, yaron da bai gama firamare ba, ya ɗauki adaftar ya haska da tocila ya ce "Kawu, nan an rubuta 100V." Kuran ɗinmu kuwa 220. Ni da nake cewa shekara ashirin ina wannan harka, kuma transfo mai rage ƙarfin kuran na nan cikin ɗaki ƙarƙashin gado, ɗoki ne kawai ya hana ni tunawa.

Duk wannan da sauƙi, abin da ya ƙona min rai mutumin nan naku ne mai hular sanyi ko cikin zafin Afrilu. Shekara nawa muna fada bai taɓa kawo sukarin dala ashirin ba, amma kofin farko nashi ne kullum. Shi ne ya miƙe yana karkarwa yana kwaikwayon Blanka, yana "a matsa, a matsa, Ustaz ya saki wuta", har ya zubar da shayin mutane. Mutumin da ya ari manet ɗina ta Mega Drive tun azumin bara, ya maido ta maɓalli ɗaya ya nutse, ya ce haka ya same ta. Yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya ɗan girgiza kafaɗa.

Na kai wa mai gyara, ya ce wataƙila adaftar ce kawai ta ƙone, in dawo laraba. Laraba biyu ke nan. Jiya na biya ta wurin na tarar ya ɗora kwanon shinkafarshi bisa Famicom ɗin.