Tsadar ruwa a Ingila: ina kuɗin gyaran da aka karɓa a baya?

A watan Afrilun 2025 farashin ruwan famfo a Ingila da Wales ya tashi da kashi 26 cikin ɗari a lokaci guda. Gidan da ya saba biyan fam 480 a shekara, a matsakaicin lissafi, ya koma biyan fam 603. Mazauna kudancin ƙasar da ke shan ruwan kamfanin Southern Water nasu ƙarin ya kai kashi 47. Kuma ba a nan za a tsaya ba, domin tun a Disambar 2024 Ofwat, hukumar da ke ƙayyade farashin, ta amince a riƙa ƙari har tsawon shekara biyar, don a tara fam biliyan 104 da za a gyara bututu da magudanan ƙazanta.

Jama'a sun fusata, kuma a ganina suna da gaskiya. Babu mai musun cewa ana bukatar gyara. Abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne shekara talatin da biyar suna biya ana ce musu kuɗin gyara na ciki, yau kuma an dawo an ce su sake biya.

A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar wa 'yan kasuwa hukumomin ruwa goma na ƙasar. Kafin ta miƙa su sai da ta yafe musu bashin kusan fam biliyan 5, wato masu saye sun karɓe su babu nauyin komai a kansu. An yi alkawarin cewa 'yan kasuwa za su zuba jarin da gwamnati ta kasa zubawa. Sun zuba wani abu, ba za a hana su wannan ba: tsabtar ruwan sha ta inganta ƙwarai. To amma tun 1992, da aka buɗe madatsar Carsington, ba a sake kammala wata babbar madatsar ruwa ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da aka tace yana zurarewa ta fasassun bututu kafin ya isa gidan kowa. A 2023 kamfanonin Ingila sun kwarara ɗanyar ƙazanta cikin koguna da teku na tsawon awa miliyan 3.6, a 2024 ma kusan haka. A watan Mayun 2024 dubban gidaje a garin Brixham sai da aka ce su riƙa tafasa ruwa kafin su sha, bayan wata ƙwayar cuta ta shiga bututu ta kwantar da mutane da gudawa.

A cikin waɗannan shekaru dai an raba wa masu hannun jari ribar biliyoyin fam, kamfanonin kuma suka yi ta cin bashi. Thames Water, mai yi wa mutum kusan miliyan 16 hidimar ruwa da magudanan ƙazanta a Landan da kewaye, shi ne misalin da ya fi muni. Daga 2006 zuwa 2017, lokacin da yake hannun gungun masu jarin da bankin Macquarie na Ostireliya ke jagoranta, bashinsa ya ninka kusan sau uku, ya haura fam biliyan 10. Masu jarin suka kwashi ribarsu suka sayar suka tafi. Zuwa 2025 bashin ya doshi fam biliyan 20, har sai da kotu ta amince kamfanin ya ci wani bashin gaggawa na fam biliyan 3 don kada ya durƙushe, wanda masu ba da shi suka ɗora wa ribar kashi 9.75 cikin ɗari. Wa zai biya wannan ribar? Babu wata hanyar shigar kuɗi da kamfanin ruwa yake da ita in ba takardar da yake aika wa magidanta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma mai gida ba shi da inda zai gudu. Wanda kamfanin wayarsa ya ɓata masa rai yana iya sauya layi kafin rana ta faɗi. Bututun ruwa kuwa ɗaya ne ya shigo gidansa, kamfanin yankinsa ne mai shi. Saboda haka duk kariyar da yake da ita tana hannun hukumar da aka ɗora wa sa ido, ita kuwa Ofwat a gaban idonta aka tara wannan bashin. Lissafin kamfanonin yana zuwa mata duk shekara. Ta ga ana rabon riba alhali bashi na hauhawa, ta bari. Laifin 'yan siyasa ma yana nan, domin gwamnatocin da suka gabata sun fi son a danne farashi don kada masu zaɓe su yi kuka, aka yi ta ɗage gyara daga bana zuwa baɗi.

An fara hukunci, amma a makare. A watan Mayun 2025 Ofwat ta ci tarar Thames Water fam miliyan 122.7, mafi girma a tarihinta, saboda zubar da ƙazanta da kuma rabon ribar da ya saɓa ƙa'ida, ta ce kada a cire kuɗin daga aljihun masu biyan ruwa. A watan Yuni sabuwar doka ta hana shugabannin kamfanoni shida karɓar garaɓasa. Wannan ya biyo bayan surutun da aka yi da aka ji shugaban Thames Water, Chris Weston, ya karɓi garaɓasar fam 195,000 kan aikin wata uku. Sai dai ba a jima ba aka gano cewa shugabar Yorkshire Water ta samu ƙarin fam miliyan 1.3 cikin shekara biyu ta hannun kamfanin da ya mallaki nata, wanda aka yi wa rajista a tsibirin Jersey. Dokar da za a iya zagaye ta da sauƙi haka ba za ta kwantar wa kowa da hankali ba.

A watan Yulin 2025 kwamitin da gwamnati ta kafa don duba harkar ruwa, ƙarƙashin jagorancin Sir Jon Cunliffe, ya ba da shawarar a rushe Ofwat a kafa hukuma ɗaya mai ƙarfi, gwamnati ta karɓa. Amma tun farko an hana kwamitin ya taɓa batun mayar da ruwa hannun gwamnati, wanda shi ne abin da jama'a da yawa ke nema. Ni ban ɗauki mayarwar a matsayin maganin komai ba. Ruwan Scotland a hannun gwamnati yake, kuma can ma ƙazanta na shiga koguna. Duk da haka, hana a tattauna batun ma gaba ɗaya rashin adalci ne ga masu biya.

Inda za a gane ko gwamnati da gaske take shi ne a kan Thames Water. Bayan kamfanin KKR na Amurka ya janye daga sayensa a Yunin 2025, masu bin sa bashi suka ce za su karɓe shi, da sharaɗin a sassauta musu tara da ƙa'idojin tsabtar koguna na wasu shekaru. Bai kamata a yarda ba. Doka ta tanadi hanyar da gwamnati za ta riƙe kamfanin ruwan da ya gaza na ɗan lokaci, famfo na ci gaba da zuba, a zaftare bashin, sannan a nemi wanda zai riƙe shi. Waɗanda suka ba Thames Water bashi sun san halin da yake ciki, shi ya sa suka tsawwala riba. Su ya kamata asarar ta fara hawa kansu, kafin a sake ƙara wa wani gida a Landan ko da fam ɗaya.