Kuɗin man babur ɗin fa?

Madalla da wannan labari na karrama matasan da ke kai wa marasa ƙarfi abinci a Katsina, Allah ya saka musu da alheri. Mu nan da an ce ɗan sa-kai sai hankali ya tafi ga masu bindiga a daji, to ga waɗansu da kula da ludayi. A azumin bana na ga ɗayansu a Ƙofar Sauri, an riga an kira magariba, kular kunu da ƙosai ɗaure a bayan babur, yana ta sallama a ƙofar wata tsohuwa da ta gudo daga Batsari. Shi kansa ko dabino bai sa a baki ba. Takardar yabo kam sun samu, amma man babur ɗin daga aljihunsu yake fita, masu hali ku duba.