Bashin kare muhalli: ina itatuwan da aka dasa?

Wani labari da na karanta ya ce Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen sayar da takardun lamuni na kare muhalli, wato takardun da ake sayarwa don karɓo bashin da za a kashe kan ayyukan kare muhalli. Ba musu, gwamnatinmu ce ta fara a Disambar 2017 da naira biliyan 10.69, ta ƙara biliyan 15 a 2019. Tashar lantarki mai hasken rana ta Jami'ar Bayero na cikin ayyukan da kuɗin suka taɓa, wannan kam mun gani. To kason kuɗin da aka ware wa dashen itatuwa fa? Ga mai cewa kuɗin tallafin Turawa ne, a'a, bashi ne mai ruwa, mu za mu biya. Hamada na cinye gonaki a Yobe da Jigawa. Wa ya koma ya ƙirga itatuwan da suka rayu bayan damina ta ɗauke?