Wa Zai Fito A Kaka?

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata. Yau raina a ɓace yake, kuma gara in amayar muku da abin da ya ɓata shi da in bar shi yana ci na a ciki. Asabar ɗin da ta wuce an gayyace ni kallon gwajin wani wasan kwaikwayo da matasan unguwarmu ke shiryawa. Labarin cikin gida ne, akwai ango da amarya, akwai kaka, akwai mai gadi da 'yar aiki. Da aka zo rabon rol, aka miƙa wa wata yarinya takardar kaka. Wallahi ko buɗe ta ba ta yi ba, ta wurgar a kan benci ta ce, "Ni ce zan fito a tsohuwa? Allah ya sawwaƙe. Ƙawayena su gan ni ina dogara sanda?" Yarinyar da ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba ke nan. Saurayin da aka ba mai gadi shi ma ya kumbura ya yi fam, wai shi jarumi ya zo yi. Darakta, yaro mai haƙuri, sai ya koma lallashi da ban baki, alhali ba shi ya yi laifi ba.

Raina ƙaramin matsayi, shi ne ciwon da nake gani yana cin ku. Kowa jarumi, kowa jaruma, kowa so yake a liƙa hotonsa a gaban fosta tun ranar farko. To idan kowa amarya ce, wa zai ɗaura auren? Wa zai fito a uwa, wa zai fito a maƙwabciya mai gulma, wa zai fito a kakar da ke sa mutane dariya har su riƙe ciki? Da rarrafe yaro kan tashi, amma ku so kuke a haife ku da gudu.

Bari in ba ku labarin wata mata 'yar Ingila, Liz Smith, wadda kusan duk rayuwarta ta wasa a uwa da kaka da tsohuwar maƙwabciya ta ƙare, irin rol ɗin da ake wurgarwa a kan benci. Sunanta na yanka Betty Gleadle. An haife ta ranar 11 ga Disamba, 1921, a garin Scunthorpe, garin masana'antar ƙarfe a arewacin Ingila. Tana da shekara 2 mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa. Mahaifinta ya yi wani auren ya tafi ya bar ta tun tana ƙarama, kakarta ce ta raine ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga rundunar mata ta sojan ruwan Birtaniya, aiki ya kai ta har Indiya, can ta haɗu da wanda ta aura a 1945. Sun haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace, auren ya mutu a 1959. Ta zauna ita kaɗai da yara biyu, ga talauci, ga kallon banzan da ake yi wa bazawara a Ingilar wancan zamani, domin kada ku ɗauka a wurinmu kaɗai ake yin wannan rashin tausayin.

Ku lura da kyau, duk tsawon wannan lokaci wasan kwaikwayo take so, shi ne burinta. Amma yara sai sun ci abinci. Ta yi rabon wasiƙu, ta yi aiki a masana'antar leda. Idan lokacin hutun bazara ya zo, sai ta tafi sansanonin shaƙatawa na Butlins ta yi wasan daɓe a gaban masu hutu, inda babu ɗan jarida, babu wanda zai tambayi sunanta idan an tashi. Shekara talatin ta wuce ta, arba'in ta wuce ta, babu wanda ya san da ita. Ku da kuke cewa idan mutum ya kai ashirin da biyar bai yi suna ba to ya makara, me za ku ce da wannan baiwar Allah?

Tana dab da shekara 50, tana tsaye a kantin Hamleys da ke Landan tana tallan kayan wasan yara lokacin Kirsimeti, saƙo ya iske ta cewa wani matashin darakta, Mike Leigh, yana neman mace mai matsakaicin shekaru. Fim ɗinsa na farko ne, Bleak Moments, wanda ya fito a 1971. Rol ɗin me aka ba ta? Uwa, kuma uwar da wahala ta gama ci. Babu kwalliya, babu rawa, babu saurayin da zai bi ta da waƙa. Ba ta ce me ƙawayena za su ce ba, ta karɓa hannu bibbiyu, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa wannan aikin ne ya juya rayuwarta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da ta raina shi, da ta koma ta ci gaba da tallan kayan wasa har ƙarfinta ya ƙare.

Abin da nake so ku gane, kuma shi ne ba ku son ji, lokacin da damar ta zo ta same ta a shirye. Mike Leigh ba ya miƙa wa 'yan wasa rubutaccen labari su haddace. Zama yake da su makonni ana gina halin mutumin da za a kwaikwaya, ɗan wasa ne zai samo maganar da tafiyar da kallon daga cikinsa. Wanda bai sha gwagwarmayar ƙananan wasanni ba, wanda bai zauna ya ƙare wa mutane kallo ba, ina zai iya? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarun da ta yi a wuraren da kuke rainawa, su ne makarantarta.

Ku kuwa fa? An ce a zo gwaji ƙarfe huɗu, sai biyar da rabi za ku shigo kuna taunar cingam. Ana karanta labari kuna latsa waya. Layi uku aka ba ka, ka kasa haddacewa, amma ka san adadin mabiyan kowace jaruma a TikTok. Wasunku ma har kuɗi suke biya a ƙara musu mabiyan bogi, su zo suna yi wa darakta fankama da su. Kada ma a zo maganar man shafe-shafe. 'Yan mata kyawawa, Allah ya yi su da fatarsu mai kyau, sun bi sun ƙone fuska da gwiwar hannu saboda wani ya ce musu sai fara ake ba jaruma. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wannan daga ina ya samo asali? Daga ganin cewa idan ba kai ne a gaba ba, to kai ba kowa ba ne.

Mu koma kan Liz Smith. Bayan wannan fim ɗin aiki ya buɗe, amma ba ta taɓa zama irin jarumar da kuke mafarki ba. A 1984 ta fito a fim ɗin A Private Function, a matsayin uwar jarumar fim ɗin, Maggie Smith, tsohuwa mai ruɗewa da yawan ci. Da wannan rol ɗin ta lashe kyautar BAFTA, babbar kyautar fina-finai ta Birtaniya, ta gwarzuwar mataimakiyar jaruma, tana da shekara 63. Daga 1994 zuwa 1996 ta fito a shirin barkwanci na BBC, The Vicar of Dibley, a matsayin Letitia Cropley, wata tsohuwar ƙauye mai haɗa girke-girken da ba mai iya haɗiyewa, ita kuma tana miƙawa da zuciya ɗaya. Fitowarta kaɗan ce a kowane kashi, wani lokaci jimla biyu ko uku, amma har yau masu kallo suna tuna ta. Me ya sa? Saboda ta san lokacin da za ta yi magana da lokacin da za ta yi shiru, kuma ba ta taɓa nuna ta san abin da take faɗa na ban dariya ba ne. Wannan shi ne sirrin barkwanci, kuma shi ne abin da 'yan barkwancinmu na waya suka kasa ganewa. Su a wurinsu barkwanci shi ne ihu, da zare ido, da zagin iyayen mutane, da kwaikwayon gurgu ko mai in'ina. Wannan ba fasaha ba ce, rashin tarbiyya ne.

Sai 1998, tana da shekara 76, ta samu rol ɗin da ya shigar da ita kowane gida a Birtaniya: Nana, wato kaka, a shirin The Royle Family da Caroline Aherne da Craig Cash suka ƙirƙira. Shiri ne na wani gidan talakawa a Manchester, kusan komai a falo ɗaya yake faruwa, iyali zaune a kan kujera suna kallon talabijin suna hira. Babu mota mai tsada, babu katafaren gida. Ita kaka tana gefe, tana jefa magana, tana ba da labarin wanda ya mutu da wanda ke asibiti, tana takun-saƙa da surukinta. A 2006 aka yi wani kashi na musamman inda ciwo ya kwantar da ita, aka kafa mata gado a falon, har ta rasu a cikin labarin. Akwai wurin da 'yarta ke gyara mata gashi, ita kuma tana tambayarta ko ta zame musu nauyi. Matar da ta shekara tana sa mutane dariya, a wannan daren ta sa su kuka, tana kwance a kan gado ko tashi ba ta yi ba. A 2007 aka ba ta kyautar gwarzuwar 'yar wasan barkwanci ta talabijin a Birtaniya, tana da shekara 85. Shekara biyu kafin nan, a 2005, ta fito a Charlie and the Chocolate Factory tare da Johnny Depp, nan ma kaka ce, nan ma a kan gado. A 2009 aka ba ta lambar girmamawa ta masarautar Birtaniya, wato MBE, a shekarar ta ajiye aiki bayan shanyewar ɓarin jiki ta same ta. Ta rasu ranar 24 ga Disamba, 2016, tana da shekara 95.

Ku lissafa da kanku. Daga 1971 zuwa 2009, shekara 38 tana aiki ba yankewa, kuma ta fara ne a shekarun da ku kuke ganin mutum ya gama yayi. Jarumai nawa ne suka yi tashe a Ingila a farkon shekarun 1970 saboda kyawun fuska, yau ko sunansu ba a tunawa? Kyau yana da wa'adi. Jarumar da fuska ce jarinta, ranar da wata sabuwa ta ɓullo an gama da ita. Mai fitowa a uwa da kaka kuwa, kowace shekara ƙara mata daraja take. Sannu ba ta hana zuwa. Ba ma ita kaɗai ba ce a ƙasar tasu. Margaret Rutherford sai da ta kai shekara 33 ta fara wasa a matsayin sana'a, ta kuma ɗauki kyautar Oscar tana da 71, ita ma a matsayin mataimakiya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ba ƙin karɓar rol ɗin kaɗai ba ne, har da yadda kuke kallon masu yinsa. Ku ga dattijuwa ta shekara ashirin tana fitowa a uwa, ku ce ai ita ba ta ci gaba ba. Ku shiga ƙarƙashin hotonta kuna rubuta mata maganar banza a kan tsufanta da haƙoranta. Sa'ar kakarku fa! Wa ya koya muku wannan? Tsufa dai riga ce, kowa ya yi tsawon rai sai ya saka ta. Kuma wannan raini bai tsaya a wasan kwaikwayo ba. Shi ne yake sa yaro ya ƙi zama yaron shago saboda shi mai shago yake son zama, ya ƙi riƙe wa tela almakashi, ya ƙi wanke wa makanike sifana, ya gwammace zaman majalisa daga safe har dare yana jiran babbar harka. Sauri ya haifi nawa.

Da ba haka muke ba. Mu da muka taso muna kallon su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, Allah ya jiƙansu, mun ga mutanen da suka ɗauki wasa sana'a mai mutunci. Waɗanda ke kewaye da su, masu fitowa a dogari da ɗan aike da matar gida, kowa riƙe da nasa yake da gaske, kuma da su wasan yake yin armashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wancan lokaci yaro yakan daɗe yana ɗaukar kaya da share dandali kafin a ba shi jimla ɗaya ya faɗa, kuma ranar da aka ba shi sai ya kwana yana maimaitawa don murna. Akwai kunya, akwai girmama na gaba, akwai tsoron kada ka ba da mutane. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma aikin yana da albarka. Yanzu kayan aiki sun fi kyau, kyamara tana aljihun kowa, haƙurin ne ya gudu.

Ban wanke manya ba. Furodusan da ke ɗaukar yarinya saboda yawan mabiyanta, ya biya dattijuwar da ta riƙe masa fim ɗin abin da bai isa kuɗin mota ba, shi ma da hannunsa a wannan ɓarnar. Iyayen da ke tambayar 'yarsu "ke ce babbar jarumar?" maimakon "kin iya abin da aka ba ki?" su ma haka. Sai dai ku nake wa magana yau, ƙannena, domin ku ne da sauran lokaci. Ku gyara, ku sauke girman kan nan, ku karɓi abin da aka ba ku ku yi shi da kyau. Waɗanda ke riƙe da rol ɗin uwa da kaka a yau tsufa suke yi, wasu ciwo ya riga ya kwantar da su, kuma har yanzu ban ga ɗayanku ya je ya durƙusa ya gaishe su ya tambaye su yadda ake yin abin ba.