Yawon jirgi kan Denali ba shiga mota ba ne

Na karanta wani rubutu inda marubucin ya ce zagaya tsaunin Denali na jihar Alaska ta Amurka a ƙaramin jirgi tamkar shiga mota ne, ni kam ban yarda ba. Kyau akwai shi: a taso daga garin Talkeetna, a sauke ka kan ƙanƙara, ga tsauni mai mita 6,190 a gabanka. Amma matuƙan nan da ido suke tuƙi, gajimare na rufowa sai a fasa tafiya. Ko ranar da sama take garau, a Mayun 2019 jirage biyu na 'yan yawon buɗe ido sun yi karo kusa da garin Ketchikan, a wani yankin na Alaska, mutum 6 suka rasu. In wani ya ce kwanansu ne ya ƙare, haka ne, amma me ya hana marubucin ambaton wannan?